Sista Ladidi, Mai Zama da Waɗanda Aka Sallama

Kowace Asabar, tun hantsi bai dubi ludayi ba Sista Ladidi takan kulle ɗakinta a unguwar Damba ta Gusau, ta rataya jakarta, ta nufi tasha. Ba mai rakiya, ba mai tambayar yaushe za ta dawo. Wannan mako Tsafe, wani makon Bungudu, daga can ta hau kabu-kabu zuwa ƙauyukan da mota ba ta shiga. Ba aikin asibiti ba ne, ranar hutunta ce. Masu ciwon daji take bi, waɗanda aka ce su koma gida a ci gaba da addu'a.

A wannan shekara ta 1998 ta ajiye aikin jinya a Gusau bayan shekara talatin da biyar. Ba a yi wani taro ba. Wa zai zo? Yawancin waɗanda ta yi wa hidima suna maƙabarta. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Abokan aikinta sun san ta da tambaya ɗaya. Ba ta farawa da "ina ke ciwo?" Sai ta zauna ta ce, "Wa ya zo gaishe ki wannan mako?" Ta ce daga amsar take gane girman aikin da ke gabanta.

Haka ta tambayi Maimuna, wata Bafulatana a ruga kusa da Ruwan Bore, mai dajin nono. An yi mata aiki a Zariya, an rubuta mata allura shida, ta karɓi biyu ta ce ba za ta koma ba. Ta juya wa ƙofar bukka baya, ta bar ci, ta bar magana. Mata sun rage shigowa, don ba su san abin da za su ce ba. Ita kuwa ko a bakin mutuwa ba za ta ce wayyo ba, kunya ba za ta bar ta ba. In ba ta koma Zariya ba, kowa ya san ƙarshen zancen.

Sista ta kai wa likita labari. Ya rubuta wata 'yar ƙwaya, irin wadda ake ba masu tsananin damuwa, wadda kuma ke rage raɗaɗin jijiya. Matsalar, a ɓangaren masu taɓin hankali ake karɓar ta. Mijin Maimuna, Buba, ya je karɓa, ya ga mutanen da ke layi, ya juyo hannu wofi.

"Sista, wanga magani na mahaukata na," in ji shi. "Matata daji gare ta, ba hauka ba. So kike a ɗora muna suna cikin dangi?"

Nan ta faɗi abin da ba ta taɓa gaya wa ko abokan aikinta ba.

"Malam Buba, shekarar da maigidana ya rasu, wata takwas ina shan shi. Dube ni da kyau. Ka taɓa ganin na jefi wani?"

Buba ya sunkuyar da kai. Ya koma ya karɓo maganin.

Ba a nan ta ƙare ba. Mu dai mun saba da allurar da za a yi yau a miƙe gobe. Kwana uku ba su ga canji ba, sai bushewar baki da yawan barci, suka ajiye ƙwayar cikin ƙwarya. Sista ta dawo ta tarar, ba ta yi faɗa ba. Ta ce wannan magani kamar shuka yake, sai ya yi makonni. Daga ranar ta bar Tsafe da Bungudu suka jira, Asabar biyar a jere tana ruga. Takan zauna bayan Maimuna tana ba ta labarin garin, ba amsa, har la'asar. A Asabar ta huɗu Maimuna ta juyo ta ce, "Ke ba ki gajiya da surutu?" Sista ta ce a rayuwarta ba a taɓa yi mata zagi mai daɗin wannan ba.

Na tambaye ta ko ƙwayar na kashe dajin. Ta ce ta ji masana na bincike a kai, amma ita ba za ta faɗi abin da ba ta sani ba. Abin da ta gani da idonta shi ne mutum ya sake son rayuwa har ya koma ga maganinsa.

Maimuna ta koma Zariya, ta cika allurarta shida. Ta ƙara damina biyu a duniya. Da ta rasu, Buba ya tako har Gusau.

"Ta tahi tana yi min faɗa kan ɗan maraƙin da na bari ya shiga gona," ya ce. "Ba don ke ba, Sista, da shiru za ta tahi."

Ke ce, Ladidi, mai zama inda kowa ya tashi. Kin tona asirin kanki don ki rufa na wata. Mun gode, Allah Ya saka miki, Ya ba ki mai zama da ke ranar da kike buƙata.

Mu kuma, ba sai mun iya rubuta magani ba. A unguwarku akwai wanda aka sallamo daga asibiti, mako guda ba a yi masa sallama ba. Ku shiga ku zauna, ko bai amsa ba.