Tudu na Shida

Ana idar da sallar asuba muka fito daga Ringim, ni da yayana, ranar Talatar da ta wuce. Tun da aka mayar da ni aiki Dutse nake jeka-ka-dawo kullum: in fita 'yata tana barci, in dawo tana gyangyaɗi. Shekararta shida, babanta yana aiki can Kudu, kakarta ce ke riƙe da ita duk wuni. Shi ya sa na ɗauki hutun kwana ɗaya don in nemo mana gidan haya. Sharaɗina biyu ne kacal, gidan ya kasance kusa da titi inda zan tari mota, kuma kusa da makaranta.

Kuɗin mota ya sake tashi, direba ya ɗora wa fetur laifi kamar yadda ya saba. Gero ya yi kai hagu da dama, raɓa duk ta jiƙa shi. A Jahun muka tsaya shan koko, yayana ya cinye ƙosansa ya haɗa da rabin nawa, wai yana kula da lafiyata. Abin da ke ƙona min rai a hanyar nan shi ne tuddan da mutane ke yi a kan titi don mota ta rage gudu. Ƙauye kaɗan ne za ka wuce ba su tara ƙasa sun gicciya hanya ba. Duk wanda muka hau sai na yi tsaki. Har cewa na yi, kowa na ji, mutanen nan ba su da aikin yi sai makarar da masu aiki.

Da hantsi muka haɗu da dillalin da aka haɗa mu da shi, wani siriri mai saurin magana. Gida biyu ya fara nuna mana a cikin gari. Na farko yana gindin duwatsu, mai kyau, amma sai ka hau acaɓa kafin ka ga kwalta. Na biyu makarantarsa da nisa. Da ya ga na ɓata rai sai ya ce akwai wani a bayan gari, ta ɓangaren Kiyawa, wanda kamar don ni aka gina shi.

Wajen ƙarfe goma sha biyu adaidaita ta sauke mu a bakin wata sabuwar unguwa. Kafin mu tsaya sai da muka hau tuddai shida a jere, kusa da juna, na ƙarshen jar ƙasa ce da ko gama takewa motoci ba su yi ba. Gidan kuwa ba ƙarya. Daga ƙofarsa zuwa inda motoci ke tsayawa bai fi taku arba'in ba. Makarantar ga ta can tsallaken titi, ana hango tutarta. Na lissafa a raina, minti goma sha biyar ina ofis. Daɗi ya kama ni.

Sai da muka shiga tsakar gidan na lura da shirun. Unguwa ce cike da gidaje, ga shanya a igiyoyi, ga hayaƙin girki, amma babu ɗan yaye ko ɗaya a waje. Ba mai gara taya, ba mai wasan ƙasa. Kowace ƙofa a rufe, wasu har da kwaɗo ta waje alhali ana jin motsin mutane a ciki. Ba abin da ke tashi sai kukan manyan motoci daga titi.

Cikin ɗakin an share tas. A bango, daidai tsayin ƙuguna, an rubuta ɗaya zuwa tara da gawayi, bakwai ɗin ta juya baya, irin yadda 'yata ke rubuta ta. A bayan ƙofa akwai ƙusa, an rataye gorar ruwa ta 'yan makaranta, da sauran ruwa a ciki. Na tambayi dillalin yaushe masu gidan suka tashi. Ya ce bai fi sati biyu ba. Na ce me ya tashe su? Ya ce, "Hajiya, kowa da dalilinsa," ya ja yayana ya tafi nuna masa rijiya. Ni kuwa na fito waje.

A gindin wata darbejiya na samu wata tsohuwa tana sayar da dafaffiyar gyaɗa. Na gaishe ta na saya. Ina cikin ɓarewa aka buga ƙararrawar tashi a makarantar. Nan take ƙofofin unguwar suka fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Mata suka fito cikin hijabai, suka jeru a bakin kwalta, ba mai magana da wata. A tsallake yara sun taru, ba gudu ba ihu, malami ya tare su da sanda. Kowace uwa ta tsallaka ta kamo nata a wuyan hannu, ba a tafin hannu ba, ta dawo da shi. Ban taɓa ganin an tashi makaranta shiru haka ba.

Da kowa ya watse sai ya rage mace ɗaya. Tana tsaye daidai jan tudun nan, tana kallon ƙofar makarantar har aka rufe.

Na ce, "Inna, waccan nata bai fito ba ne?"

Tsohuwar ta ce, "Ba zai fito ba, 'yar nan. Gidan da kika shiga nasu ne. Sun koma cikin gari wajen dangin mijin, amma kullum war haka sai ta zo." Ta nuna titin da haɓa. "Mu nan ba ma yin tudu haka kawai. Sai an dawo daga maƙabarta maza ke ɗaukar shebur. Ba ki ga shida ba ne?"

Na ajiye gyaɗar. Tsoro na ji, da kunyar maganar da na yi da safe. Tsohuwar ta dube ni ta ce, "Kina da ƙarami?" Na ce mace, shekara shida. Ta ci gaba da ƙulla gyaɗarta.

Dillalin ya biyo mu har bakin titi yana cewa maigidan zai rage. Yayana ya ce masa za mu yi shawara. Muka sayi dabino tsaraba, muka kama hanya bayan la'asar. A mota wani fasinja ya dinga mita duk lokacin da muka hau tudu, kusan kalma-kalma irin tawa. Ni ƙirga su na dinga yi, kafin Jahun na daina, don na kasa.

Ana kiran magariba muka isa. 'Yata ta hango ni daga zaure ta kwaso da gudu za ta tsallako layi. Ban san sanda na daka mata tsawa ba, na cafke wuyan hannunta har ta sa kuka. Da ƙyar dabino ya shirya mu.

Na je Dutse ina auna tazarar ƙofa da mota, ban taɓa auna hanyar da ita za ta bi ba. Na ce wa dillalin ya nemo min gidan da ke gefe ɗaya da makaranta, ko da a gindin duwatsun ne, acaɓa ba za ta kashe ni ba. Kafin a samu, ina nan ina tashi da asuba. Jiya da muka hau tudun farko a hanya, bakina ya buɗe zai yi tsakin da ya saba, sai na ji na ce Allah Ya jiƙan wanda aka yi tudun dominsa.