Rabin da Gwaggo Ba Ta Gani Ba

Duk wanda aka taɓa yi wa tiyata a asibitin da Gwaggo ta yi aiki ya san muryarta, ko da ya manta fuskarta. Yayar babana ce, kuma nas ce tun tana budurwa har ta yi furfura. Sista Tashi-Tashi ake ce mata, don mutum yana farfaɗowa zai gan ta tsaye a kansa, hannu a ƙugu, tana cewa, "Kwanciya ba magani ba ce, tashi ka taka!" Manyan maza sun yi mata kuka, sun kuma dawo daga baya sun yi mata godiya.

Mijinta mai ɗaukar hoto ne, mutum mai sanyi kamar ruwan randa. Ba shi da hayaniya a komai sai a mota. Tun yana saurayi ya mallaki wata 'yar ƙaramar motar tsere, ja wur, ƙofa biyu, kujera biyu, rufinta na tamfol ana naɗe shi baya. Gajeriya ce ƙwarai, in za ka shiga sai ka durƙusa kamar mai gaida surukai. 'Yar Ja muke ce mata, kuma duk unguwa an san gurnaninta.

Da Allah ya yi masa rasuwa, Gwaggo ta jefa makullin a jakarta, ta ce babu hannun da zai sake taɓa wannan sitiyari. Ita kanta ba ta iya tuƙi ba, amma fa kula, wayyo! Abin da ta saba hango marigayin yana yi ta tagar kicin, shi ta ɗauka ba ragi. Kullum da safe ta yaye lulluɓin motar, ta buɗe bonet, ta zaro sandar duba mai, ta goge da tsumma, ta mayar, ta sake zarowa ta ɗaga wa haske. Ta leƙa ruwan lagireto. Ta zagaya tayoyi tana dannawa da babban yatsa kamar mai neman kumburi a ƙafar majinyaci. Sannan ta shiga, ta tada injin, ta bar shi ya ɗan yi gurnani, ta kashe, ta lulluɓe. Baƙin mai kuwa, Dogo makanike, wanda ya daɗe yana yi wa marigayin gyara, har gida yake zuwa ya canza.

Duk da haka 'Yar Ja ta kama ciwo. Batir ya mutu, aka sa sabo, shi ma ya bi sahu. Filogi suka yi baƙi ƙirin. Salansa ta fara tsatsa. Kuma duk ranar da motar ta ƙi tashi, Gwaggo ba ta cin abinci, jininta ya hau, sai ka same ta zaune kan kujera a ƙofar gareji ta yi tagumi. Ni dai abin yana ci min rai, don ban taɓa ganin wani abu ya gagari matar nan ba.

Yaya, babban ɗanta, shi ya fara ƙosawa. "Umma," ya ce, "ƙarfen nan zai kwantar mana da ke. Ta sake mutuwa sau ɗaya, zan kira masu sayen tsofaffin ƙarafa su kwashe ta."

Gwaggo dai ta sa aka kira mata Dogo. Ina nan ya zo. Ya shiga ƙarƙashi, ya fito, ya sosa ƙeya, ya sinsina tanki ya yamutsa fuska.

"Hajiya, ni fa abin ya ɗaure min kai. Babu motar da ake tattali a garin nan kamar wannan. Ko dai wani gurɓataccen mai kuka sha? Ina da ina kuka je da ita kwanan nan?"

"Je?" in ji Gwaggo. "Ina za ta je?"

Dogo ya sunkuya ya leƙa mitar da ke ƙirga nisan tafiya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya dafe kai. "Innalillahi! Lambar nan ai ita na bari tun ran da na yi wa marigayi gyaran ƙarshe. Ni duk zatona ɗaya cikin yaran nan yana fita da ita. Hajiya, tadawa a kashe ai zarar wuta ce daga batir ba mayarwa. Injin bai yi zafin da zai ƙone dattinsa ba, ruwa ya kwanta a salansa, fetur ya tsufa a tanki, birki ya manne. Irin wannan mota hanya take so, a buɗe mata wuta har ta yi gumi."

"Amma haka na ga yana yi kullum!"

Na ce, "To Gwaggo, bayan ya tada ta fa, sai me?"

"Sai ya fita mana, yawonsa na banza..." Ta tsaya cak. Bakinta ya ɗan buɗe. Ashe abin da ake yi a tsakar gida kaɗai taga ke nuna mata, sauran rabin aikin a kan titi yake.

Ni kuwa bakina ba ya shiru. "Kai, Gwaggo! Sista Tashi-Tashi guda, ke da kanki kika kwantar da majinyaciya shekara da shekaru kina gwada mata zafin jiki?"

Ta ɗaga tsumma za ta make ni, sai dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har da riƙe ciki. Na ce to ta kawo makullin, ni zan riƙa fita da ita.

"Ke? Da wannan tuƙin naki na marasa kunya? Allah ya kiyaye. Koya min za ki yi."

Yaya ya ce wannan ai an gudu ba a tsira ba. Da ya ga ba za ta lanƙwasu ba, sai ya kafa sharaɗi: in har ta samu lasin, ta kai motar babbar gadar bayan gari da hannunta ba tare da ta mutu ba, ya janye maganarsa har abada. In kuwa ta mutu a hanya, daga can masu ƙarafa za su ɗauka. Gwaggo ta ce ta ji, ta yarda.

A tsohuwar motata muka fara, a wani fili bayan makaranta. Jama'a, na ga ta kaina! Matar da ke zura zare a allura ba tabarau, amma ta saki kuloci a hankali ya gagare ta. Motar ta yi tsalle, ta mutu, Gwaggo ta ce laifina ne don na cika surutu. Ta kusa kwashe mai sayar da lemo, ta leƙo ta taga ta yi masa faɗa kan ya tsaya inda ba a tsayawa. Amma kullum ita ke riga ni fitowa, har ranar da ta dawo da lasin tana kaɗa shi sama kamar tuta. Shi kuma Dogo ya zubar da tsohon fetur, ya wanke kafireto, ya kwance birki ya saki, ya canza man birki da bel, ya sa sababbin tayoyi, don na da ɗin sun tsattsage duk da ba su taka ko'ina ba.

Ranar gwaji da hantsi Gwaggo ta ɗaure ɗankwali tamau, ta sa aka naɗe rufi. Na durƙusa na shiga gefenta, muka ɗaura bel. Yaya ya biyo mu a motarsa, fuska ba annuri. Cikin gari 'Yar Ja ta riƙa tari tana shaƙewa, hayaƙi baƙi na bin mu. A wata mararraba ta yi wata irin shessheƙa, fitilun gabanmu suka kanne. Na hango Yaya ta madubi ya riga ya ɗauko waya.

"A'a, 'yar nan," in ji Gwaggo tana lallashin motar, ta danne kuloci, ta ɗan taɓa totur. "Ba yau ba."

Ta farfaɗo! Muka wuce shagunan ƙarshe, hanya ta miƙe fetal, ba kowa. Gwaggo ta sa giya ta uku, ta sa ta huɗu. Tarin ya ragu, ya ragu, ya ɗauke. Sai ga wannan gurnani da muka sani tun muna yara, ya taso daga ƙasa har cikin ƙirji. Kujera ta manne min a baya. Iska ta fizge min mayafi, ina riƙo ina ihu, "Gwaggo, a hankali!"

"Ban wuce ƙa'ida ba, duba da idonki!"

Wallahi ba ta wuce ba, amma a motar da gindinka ke dab da kwalta, ji kake kamar tashi za ku yi. Ta shiga kwana ta fita sumul, ta rangaɗa guɗa, ni ma na taya ta. Yaya ya koma ɗan ɗigo a madubi. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan tafiya ba.

Muka haye gadar. Ta gangara gefe, ta tsaya, ta bar injin yana aiki lafiya lau, zafinsa na dukan ƙafafunmu. Na juyo in yi mata kirari, sai na ga hawaye na bin kumatunta, ga kuma murmushi.

"Ashe abin da yake ji ke nan," ta ce. "Babu safiyar da bai leƙo kicin ya ce, zo mu je ki sha iska ba. Ni kuma in ce ina da aiki. Ko sau ɗaya ban shiga ba."

Yaya ya iso, ya fito da sauri, baki cike da magana. Ya dubi uwarsa, ya haɗiye abin da ya zo da shi, ya tura wayar aljihu. Ya daɗe tsaye yana shafa ƙofar motar.

Gwaggo ta share fuska da bakin mayafi, ta dube ni. "Ke, fita ki tuƙo tasa. Kai kuma durƙusa ka shigo, in mayar da kai gida a motar ubanka."