Tarihin Dakta Nata'ala Madabo, Mai Gadin Jemage da Naman Kaza

Haihuwa

An haifi Dakta Nata'ala a unguwar Madabo cikin birnin Kano a shekarar 1958, ɗa ga Alhaji Abdulrahman mai turare da Hajiya 'Yardada. A tsakar gidansu akwai tsohuwar ceɗiya wadda jemagu suka mayar masauki, a gindinta kuma da wani suri inda naman kaza ke tsirowa duk damina.

Karatu

Bayan saukar Alƙur'ani da kammala sakandare, ya shiga jami'a a 1978, dangi na kyautata zaton likita za a samu. Sai ya dawo da digiri uku da labarin da ya girgiza zaure: jemage ba tsuntsu ba ne, dabba ce mai haihuwa da shayarwa, naman kaza kuma ba tsiro ba ne, nasabarsa ma ta fi kusa da dabbobi. Mahaifinsa ya yi salati ya ce, "Nata'ala, duk shekarun nan abin da aka koya maka ke nan?"

Aiki

Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyarwa yana kwatanta halittun biyu. Ya sha bayyana cewa masana sun sanya irin jemagen da ke ceɗiyar gidansu cikin halittun da ke dab da shiga haɗari, naman kazan kuwa ba wanda ya ma waiwaye shi, alhali a Madabo inuwa ɗaya ke riƙe da su. Maƙwabta sun gaji da kai ƙara wajen mai unguwa kan kashin jemagu da hayaniyarsu, amma bai taɓa yarda an sari ko reshen ceɗiyar ba.

Aure

A 1987 ya auri Malama Mabruka daga Dala, wadda ta rayu tana wanke shanya sau biyu albarkacin jemagu.

Rasuwa

Allah Ya yi masa rasuwa da hantsin wata Talata cikin Agustan 2024. Ana cikin yi masa wanka, dattawan unguwa suka ga babu itacen da ya cancanci rufe kabarinsa sai na bishiyar da ya ƙaunata, suka sa aka sassare rassanta. Jemagu suka tashi da rana tsaka suka rufe sama, masu jana'iza suka yi ta kabbara suna cewa karama ce. Da babban ɗansa ya fito ya ga aikin, sai ya zauna a ƙasa. Kafin sadakar bakwai, rana ta ƙone naman kazan.

An binne shi bayan azahar. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, Nazeer, Zaituna, Luba da Bashir, sai kututturen ceɗiya guda.