Kai Huɗu Inna Take Ƙirgawa

Ranar da na tarar da 'yata Jumana a tsakar falo tana share hawaye da gefen gyale, waya a hannunta, na ɗauka ta ɗaki ce ta cika. Kakata Inna tana kwance a can tun sati biyu, likita ya ce mu mayar da ita gida mu yi ta addu'a. Na saki ledar burodi, na ce, "Innalillahi, ta tafi?"

"La, Ummi," in ji Jumana. "Musalsal ɗinmu ne zai ƙare. Saura kashi ɗaya, halas, shi ke nan."

Wani wasan barkwanci ne na ƙasar Ireland, labarin wasu 'yan makaranta masu surutu kamar aku. Shekara da shekaru tana bin su, tana ƙyalƙyala dariya ita kaɗai har in leƙo in ga ko lafiya. Ta shiga karanta mini abin da masu kallo suke rubutawa daga ko'ina a duniya. Wasu na cewa an cuce su, wasu na cewa sun kalla sau uku kuma kowane karo sai sun yi kuka. Wani ma ya rantse ba zai taɓa kallon kashin ƙarshe ba, wai don yaran su ci gaba da zama a makarantarsu har abada. Ni kuwa na wanke ta tas. Na ce tsohuwa tana ɗaki tana jan numfashi da ƙyar, ita tana kukan 'ya'yan Turawan da ba su san da zamanta ba.

"To ki kalla mana ki huta, ki hutar da mu," na ce.

"Ba zai yiwu ba. Mu huɗu muka fara tare, ɗaya tana jarrabawa a Riyad. Ba za mu ƙarasa ba sai mun cika."

Sai mun cika. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni da nake yi wa yarinya faɗa, na fi shekara talatin ina jiran kashin ƙarshe na wani labari.

Inna ita ta haifi mahaifiyata. Ta zo aikin hajji tana amarya daga wani ƙauye a bakin kogin Haɗeja, mijinta ya rasu bayan 'yan shekaru, ita kuma ba ta koma ba. Da rana tana sayar wa alhazai hatsin tattabaru a kan hanyar da ta gangaro daga Harami zuwa Misfala. Bayan magariba sai ta hau saman tsohon gidanmu, wanda yanzu otal ne a wurin, ta hura gawayi, ta ɗora kaskon gyaɗar da za ta ƙulla don gobe. A nan muke kewaye ta mu huɗu: ni, da yayana Sale, da ƙanwata Asiya, da Rabi 'yar ƙanwar mahaifiyata. Ni da Rabi sa'o'in juna ne, kwano ɗaya muke ci, kuma ko wace ce ta yi laifi tare ake zane mu.

Inna tana da nata tsari. Kafin ta buɗe baki sai ta ce, "Kun cika?" Sa'an nan ta bi kawunanmu da tafin hannu ɗaya bayan ɗaya, hannun da ɗumi da ƙamshin gyaɗa. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. In aka aiki Sale shago, jiransa za mu yi ko da gyaɗar za ta ƙone. Kuma da zarar an kira isha daga Harami ta tsaya, ko a tsakiyar kalma take. In tatsuniya ta ƙare gaba ɗaya kuwa sai ta karkaɗe zaninta ta ce, "Na sauke kayana."

Wadda ta fi tsawo ita ce ta Tabawa. An yi ruwa kwana bakwai a garin su Tabawa har wutar kowane gida ta mutu. Uwarta ta ba ta kasko, ta ce, "Na jiƙa gari. Haye kogi ki ɗauko mana wuta, kar ki tsaya wasa." Da ta tafi, ruwa iya idon sawu yake. Ta samu garwashi wurin wata tsohuwa, ta juyo, sai ta tarar kogi ya cika ya batse. Ta bi gaɓa tana neman mashigi, garwashin kuma yana neman abinci. Yau ta ba shi gammonta, gobe takalminta, jibi matajin kanta. Kura ta bi ta da daɗin baki, iska ta bi ta da mugunta. Mun yi kusan wata guda muna bin Tabawa a bakin ruwan nan, kullum ladan na katse mu. Rabi ta fi kowa ɗaukar abin da zafi. Ita ce mai cewa, "Inna, don Allah ki yi sauri kafin ya kira!" Inna ta ce, "Ni na aike ta? Je ki gaya wa kogin."

Maraicen ƙarshe, Tabawa ba ta da sauran abin ƙonawa sai zanin da uwarta ta ɗaura mata. Kada ya taso ya ce, "Hau bayana in kai ki gida. Amma ba na ɗaukar wuta. Ki zubar da ita a ruwa, ko ki riƙe ta ki zauna." Inna ta ja numfashi za ta faɗi amsar Tabawa, sai aka kira isha.

Washegari da hantsi aka yi kamen marasa takarda a bakin kasuwa. Mahaifina yana da igama, takardar zama, don haka mu muna da ita, ita ma Inna shi ya yi fafutuka ya samo mata. Uban Rabi ba shi da ita. Aka kwashe Rabi da uwarta, bayan 'yan makonni aka sa su a jirgi zuwa Kano, garin da Rabi ba ta taɓa gani ba, domin a Misfala aka yanke mata cibiya.

Da magariba ta yi muka hau sama. Inna ta ce, "Kun cika?" Ɗaya, biyu, uku. Hannunta ya tsaya a iska a gefena, inda kan Rabi yake zama. Ya daɗe a wurin. Sai ta ce, "Ba ku cika ba," ta ci gaba da juya gyaɗa.

Daga ranar Inna ba ta sake tatsuniya ba. Na yi roƙo, na yi birgima, na ƙi cin abinci. Wata rana don haushi na kifar da kaskon, na sha dukan da har yau ina tuna shi. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, na sa a raina cewa Inna ce ta tsare Rabi a waje. In ta bar Tabawa ta haye ta koma gida, Rabi ma za ta dawo. Tunanin yara ne, na sani. Amma na yi aure da shi, na haihu da shi, furfura ta fara fito mini yana nan.

Rabi ta girma a Kano, ta yi aure, tana ɗinki. Hausarta yanzu ta fi tamu, Larabcinta ya zube. Kowace shekara sai ta ce, "Bana in sha Allah zan zo in ga Inna." Kowace shekara takarda ta ƙi. Inna kan gaisa da ita ta waya, kalma biyu uku, ta ture abin ta ce ita ba ta hira da ƙarfe. Ga shi idanunta sun tafi, ga likita ya sallame mu. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba: tsohuwar nan za ta shiga kabari da Tabawa a tsaye a bakin kogi.

Na ce wa Jumana, "Ku da ɗaya tana Riyad, yaya kuke cika?"

"A jawwal mana, ta waya. Mu jingina shi a matashi, tana ganinmu muna ganinta."

Ban ɓata lokaci ba. Na kira Sale daga Jarwal, Asiya ta taso daga Jidda. Na sayi gawayi da ɗanyar gyaɗa. Bayan magariba Sale ya ɗauki Inna kamar jaririya ya hau da ita saman ginin da muke haya, muka jingina ta da bango. Jumana ta kira Rabi ta ajiye wayar a kan matashi a gefena. Da ƙamshin gyaɗar ya tashi, sai Inna ta ɗaga hanci, sa'an nan a hankali ta ce, "Kun cika?"

Muka sunkuyar da kai, manya da mu. Hular Sale, ɗankwalin Asiya, nawa. Hannun ya wuce ya tsaya a iska.

"Inna, ga ni," in ji Rabi daga wayar. "Ni ce Rabi."

"Na ji murya," in ji Inna. "Murya ba kai ba ce. Ba ku cika ba."

Na rarrafa na kama ƙafafunta. Na ce, "Inna, don girman Ɗakin da kike maƙwabtaka da shi. Ba za su bar ta ta zo ba. Ba mu da lokaci, Inna, wallahi ba mu da shi." Ko motsi ba ta yi ba. Na dubi sama, jan magariba yana ta ja da baya, isha na tafe. Sai na yi abin kunya. Na fizgo Jumana, na zare mata gyale, na tura kanta ƙarƙashin hannun, na yi wa Rabi raɗa ta sake magana.

Yatsun Inna suka bi gashin Jumana, wanda ta shafa wa mai ta sake shi ba kitso. Suka gangara goshi, suka taɓa kunne.

"Maimuna," ta ce da ni, "tun kina ƙarama ƙaryarki ba ta da ƙafa. Tashi, 'yar nan, ba ruwanki."

Na fashe da kuka kamar wata yarinya. Na tabbata shi ke nan. Sai na ji ta ɗaga murya kaɗan.

"Rabi. Can inda kike, kin hura wuta?"

"Na hura, Inna. La'asar ce a nan, ruwan tuwo na ɗora."

"Baki nawa ke jira?"

"Shida, da babansu bakwai."

Inna ta daɗe tana gyaɗa kai. Ta ce, "Ku ba ni ƙarfen nan." Jumana ta ɗora mata a cinya. Ta kifa tafinta a kan gilashin har fuskar Rabi ta ɓace, ta ce, "Huɗu."

Ta ɗora daidai inda ta tsaya, kamar jiya aka kira ishar nan. Tabawa ta ce wa kada ya tafi abinsa, wuta aka aike ta, ba za ta koma hannu biyu ba. Ta yage rabin zanin ta ba garwashi, ta tattaro busasshen kara, ta hura har wuta ta tashi sama. Can ƙetare uwarta ta fito ƙofar gida ta hango hayaƙi. Ta ce, "'Yata tana da rai, kuma ba ta zubar da aike ba." Ta koma ciki ta sha garinta da ruwan sanyi. Tabawa ta zauna a wannan gaɓa, duk gidan da wutarsa ta mutu wurinta ake zuwa ɗiba.

Inna ta lalubo bakin zaninta ta karkaɗe. "Na sauke kayana."

"Ba ta koma ba?" na ce.

"Ba ta koma ba."

"Haba Inna! Shekara talatin don wannan? Kogin ba ya janyewa ne? Babu mai kwalekwale ko ɗaya a ƙasar?" Ina ta ɗaga murya, Sale na cewa in ji tsoron Allah in yi shiru. Duk abin da mutanen wayar Jumana suka rubuta, ni na faɗe shi a saman ginin nan, har da ƙari. An cuce ni, haka na ji.

"Maimuna, ƙyale ta," in ji Rabi daga ƙarƙashin hannun. "Inna, ke nan kar in zo?"

"Na ga hayaƙi," in ji Inna.

Aka kira isha.

Inna ba ta kai Juma'a biyu ba ta rasu. Har yanzu ban sani ba ko ƙarshen da ta tanada ke nan tun muna yara, ko a wannan maraice ta ƙera shi don ta kwance Rabi daga alkawarin bana da baɗi. Sai bayan an kai ta na tuna cewa ita ma ta bar uwa a bakin wani kogi, ta ce mata wata uku kawai za ta yi. Ban taɓa tambayarta ko uwar ta ga hayaƙi ba. Ban kuma gama yafe wa labarin ba, don ni so nake a haye a dawo, kuma Rabi ta daina cewa bana.

Da ƙawar Jumana ta gama jarrabawa, suka jingina wayoyinsu suka kalli kashin ƙarshe. Na zauna a gefenta, ko kalma ban gane ba. Da rubutu ya hau allo, sai ta kife fuska a gwiwa ta ce, "Ummi, wallah ba haka na so ya ƙare ba." Na ɗora hannuna a kanta, na bar shi a wurin har ta gama.