Dakta Moctar, Mutumin Da Ya Sa Ni Shiga Jirgin Ruwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 16 ga Oktoba 2025, da hantsi, Hajiya Zouera ta kira ni daga Lyon ta ce mijinta, Dakta Moctar Daouda, ya cika bayan jinyar mako uku. Ina cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zan tafi aiki. Na sauka a tashar gaba, na zauna a benci har jirage huɗu suka wuce.

Yaya Moctar, shekara ashirin ka yi kana binciken duwatsu masu aman wuta. Ɗalibai nawa ’yan Nijar suka sauka falonka na unguwar Les Minguettes a Lyon kafin su sami ɗaki? Su za su faɗi nasu. Ni nawa guda ne, kuma ya ishe ni.

Ƙanena Nouhou ya shiga kwalekwale daga Libiya zuwa Turai a 2016, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Ni ne babba a gidanmu, na kuwa kafe: ba gawa, ba zaman makoki. Matarsa Batula ta zauna a Maraɗi shekara shida, ita ba matar aure ba, ita ba mai takaba ba. Malamai sun ce a je gaban alƙali ya yanke hukuncin rasuwarsa, na hana. Taurin kaina kowa ya san shi, sai dai babu mai iya gaya mini.

Da bazarar 2022 ka ja ni Girka, wai in huta da hayaniyar Saint-Denis inda nake zaune. Sai da muka isa tsibirin Kos ka ce gobe akwai jirgin ruwa zuwa tsibirin Nisyros, tafiyar awa guda, a je da safe a dawo da yamma. Na ce ni da teku har abada. Ka yi dariya ka ce, “Haba Bukari, ni Badamagare da na girma bakin tafki na shiga, sai kai? Allez, tashi.”

Na shiga don kunya. Teku lafiya lau, jirgin babba, ga ƙasa ana hange, amma na riƙe ƙarfe har yatsuna suka sage. A nan na fara tunanin kwalekwalen roba mai mutum ɗari, irin wanda Nouhou ya shiga.

Kai kuwa tarihi kake zubawa: katangar baƙin dutse da ta haura shekara dubu biyu, zamanin Turkawa, zamanin Italiyawa, har tsibirin ya koma hannun Girka bayan yaƙin duniya na biyu. Mota ta kai mu bakin ramin dutse mai aman wuta na tsibirin, muka gangara ciki da ƙafa. Warin farar wuta kamar ruɓaɓɓen ƙwai, tururi na fita daga ramuka, zafin ƙasa na ratsa takalmi. Ka ɗauki wani dutse mara nauyi ka sa mini a hannu.

“Aman da ya fito da wannan, ba wanda ya gan shi,” ka ce. “Amma na rubuta cewa ya auku, na sa hannu, don alama ta cika. Aikina ke nan. Kai ma alamarka ta cika tuntuni. Yarinyar mutane kake tsarewa, ba Nouhou ba.”

Na ji haushinka ƙwarai. Har muka komo tashar jirgin ruwa ta Mandraki ba ka lallashe ni ba. A jirgin dawowa na yi kukan da na riƙe shekara shida, ka tsaya ka kare ni daga idon Turawa. Washegari na kira mahaifiyarmu na ce a je wurin alƙali. Batula ta yi takaba, ta fita, ta yi aure. Jiya ta kira ni tana yi mini gaisuwar rasuwarka, alhali ba ta taɓa ganinka ba.

Kai kam na gan ka da idona. Ni na zuba ruwa a wankanka, kuma duk da haka yarda tana yi mini wuya. Amma na yarda, Yaya, ba zan sa kowa jira ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya Zouera, da ’ya’yanka Hamdiya da Rayan, da dangi na Damagaram. Allah ya jiƙanka, ya yafe kurakuranka, ya sanyaya makwancinka, ya haɗa ka da Nouhou a Aljanna. Mu kuma ya kyautata namu zuwan. Amin.