Tawadar Da Ruwa Bai Ci

Ruwan da ya ɓata takardun mahaifina ba wani babban ruwa ba ne. An yi waɗanda suka fi shi a daminar nan, ba abin da ya faru. Indararon ɗakin karatunsa ne ya toshe da ganye, ruwa ya kwanta bisa soro, ya sami kafa ya bi bango, ya sauka daidai kan akwatin katakon da yake ajiye rubuce-rubucensa. Ba wanda ya lura sai da wari ya fara tashi.

Baba malamin allo ne a Bodinga, kuma tun yana saurayi yake tsara waƙoƙin wa'azi da ajami, yana rubuta su da alƙalamin kara da tawadar da yake dafawa da kansa. Irin tawadar nan an yi ta ne don a wanke. Yaro ya rubuta a allo, ya hardace, ya wanke, ya sake wani. Ita ce Baba ya yi wa aikin rayuwarsa amfani da ita, ruwa kuma ya yi mata abin da ya saba.

Ni na buɗe akwatin, don a lokacin yanar ido ta riga ta rufe masa gani, hannunsa kuma ya fara rawa. Takardun sun manne da juna kamar waina. Duk wadda na ɓanɓaro sai in ga baƙi-baƙi kawai, kamar an shafa toka.

"Mi yar rage?" in ji shi.

Na ce, "Kaɗan, Baba. Na tsakiya-tsakiya."

Ya miƙo hannu na ɗora masa guda. Ya shafa ta, ya kai hanci, ya ajiye. Bai yi kuka ba, bai yi faɗa da kowa ba. Can ya ce, "Suna nan ga kaina. Kai ka iya rubutu. Sai dai ka samo muna tawadar da ruwa bai ci."

Na ce to. Ban ɗauki abin da nauyi ba. Ina koyarwa a wata firamare a Shagari, kullum in hau babur da safe in dawo da azahar, ina da mata da ɗiya ɗaya, kuma na riga na nemi gurbin ƙaro karatu a Zariya ina jiran amsa. Na zaci aikin hutun makaranta ɗaya ne.

Na kawo biro, Baba ya ƙi. Ya ce ba ya ba harafi haƙƙinsa, jikin baƙi da wutsiyarsa duk kauri ɗaya. Sai na tuna da alƙalamin da aka ba ni kyauta ranar da muka gama kwaleji, irin mai zuƙar tawada daga kwalba. Na goge bakinsa a dutse na ɗan karkata shi yadda ake fiƙe na kara. Saura tawada.

Na shiga Sakkwato na bi shagunan masu littattafai ɗaya bayan ɗaya. Wasu ma ba su san ana sayar da tawada a kwalba har yanzu ba. Wasu suka fito min da shuɗiya, na ɗiga mata ruwa ta bi takarda. Wani ya rantse min da wata baƙa, na saya, na zo gida na zuba, kafin Magariba ta daskare cikin alƙalamin kamar ƙaro. Ashe ta masu zane ce. Na sha wahala kafin in tsarkake shi.

A zuwa na gaba aka kwatanta min wani dattijo can cikin lungun kasuwa, mai sayar da takardu da hatimi. Na faɗa masa abin da nake nema. Ya jawo wata 'yar kwalba daga ƙasan kanta, ya tsoma tsinke ya ja layi a takarda, ya bari ta bushe, sannan ya tsoma takardar cikin butar alwalarsa. Ya fito da ita tana ɗiga. Layin yana nan baƙi ƙirin, ko gezau.

Ya ce, "Wagga ba rini ba ce kamar sauran. Garin baƙi ne mai laushi ƙwarai anka dama. In ta kama takarda ta kama ke nan. Amma ina gaya maka, ba ta son a bar ta kwance cikin alƙalami. Ko dai ka riƙa rubutu kullum, ko ka wanke shi tas. In ka manta, ta toshe shi."

Na yi dariya na ce rubutu kullum ai shi ya kawo ni.

Muka fara. Bayan sallar Asuba in zauna gefen buzunsa, ya rera baiti, in rubuta, in karanta masa, ya gyaɗa kai, mu wuce. Bayan La'asar mu ƙara. Makonnin farko na ji daɗin abin. Akwai waƙoƙin da tun ina yaro nake jin gutsattsarinsu a bakin Inna tana tankaɗe, ban san nasa ba ne. Tawadar kuma tana da kyau. Tana sauka a takarda da sheƙi, ta bushe ta koma baƙi mai nauyi.

Amma ba ta yafe kuskure. Da tawadar Baba ce, sai ka lashi yatsa ka goge. Wannan kuwa ɗigo ɗaya ya sauka inda bai kamata ba, shi ke nan. Baba kuma ba ya yarda a soke kalma. Ya ce takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba a yi mata tabo. Sai a sake shafin daga farko. Wani lokaci ma ba ni ne na yi kuskuren ba. Sai mun kai ƙasan shafi ya ce, "Tsaya. Ba haka nac ce ba wancan karo. Koma baiti na biyu." In koma, ya canza kalma ɗaya, in ɗauko sabuwar takarda.

Hutu ya ƙare ba mu ci ko rubu'i ba. Na koma aiki, rubutun Asuba ya sa na fara makara. Yatsuna uku suka yi baƙin da sabulu ba ya fitarwa, yara a aji suna kallonsu in na ɗaga alli. Fararen rigunana duk suka sami ɗigo a bakin aljihu. Matata ta gaji da dirza ta daina magana.

Sau ɗaya aka tura mu bita, na yi 'yan kwanaki a Shagari ban dawo gida ba. Na manta ban wanke alƙalamin ba. Da na dawo ya ƙi ko ɗigo. Na jiƙa shi a ruwan ɗumi, na zuƙa na fesar, na zuƙa na fesar, ruwan kofi yana baƙi ina zubarwa, Baba yana zaune yana jin motsina. Bai ce komai ba sai, "Ya tashi?" In ce tukuna. Bayan jimawa ya sake cewa, "Ya tashi?" Tun daga ranar ban ƙara kwana a waje ba. Ko biki aka yi a Dandin Mahe ko ta'aziyya a Sifawa, ina duban rana, kafin La'asar na kama hanya.

Takardar Zariya ta zo ana cire albasa. Na ɓoye ta cikin aljihu na yini da ita. Na fara kiran yayana, wanda ke fataucin albasa zuwa kudu, ba ya zama gida sai jefi-jefi.

Na ce, "Yaya, an ba ni gurbin nan. Ina son ka zo mu san yadda za a yi da aikin Baba."

Ya ce, "Madalla, Allah shi sa albarka. To amma ni ka san hannuna. Ko sunana in na rubuta sai an tambaye ni. Cikin almajiransa babu mai iyawa?"

Akwai masu iyawa. Na kawo babba daga cikinsu, mai kyan hannu, ya zauna. Baba ya rera baiti biyu ya tsaya. Ya ce mutumin yana numfashi da ƙarfi. Na gwada waya, na ce ya rera kawai in naɗa, daga baya in rubuta. Ya riƙe ta a tafin hannu, ya buɗe baki, ya rufe. Ya ce, "Ban iya yi ma abin ga magana. Sai na ji alƙalami na tafiya kana baiti na baya ka zo min."

Ranar nan bayan La'asar na faɗa masa gaskiya. Na karanta masa takardar, na fassara. Ya saurara har ƙarshe.

Ya ce, "Karatu ai ba a hana shi. Tahi. Allah shi ba da sa'a."

"Aikin fa, Baba?"

"Abin da Allah ya nufa a rubuta an rubuta."

Da ya hana ni, da na san abin yi. Da na yi fushi, na kai ƙara wurin kawunmu, an zauna an ba shi baki. Amma ya sa min albarka, har ya ce Inna ta daka min yaji in tafi da shi.

Na wanke alƙalamin tas, na shanya, na rufe kwalba na ɗaure ta cikin leda. Na fara haɗa kaya. Washegari da Asuba ban je ɗakinsa ba, don in saba, shi ma ya saba. Ina tsakar gida ina ɗaure buhu sai na jiyo shi. Yana zaune inda ya saba zama, yana rera wa kansa waƙar da muka tsaya a kanta. Ya yi baiti huɗu ko biyar, ya tsaya. Ya koma farko, ya zo daidai wurin, ya sake tsayawa. Ya koma. Ina tsaye da igiya a hannu ina jin yadda yake zuwa bakin baitin nan yana dawowa. 

Na shiga na ce, "Baba, in ɗauko alƙalami?"

Ya ce, "In ba ka da wani aiki."

Na rubuta wa makarantar na roƙi a ɗaga min zuwa shekara mai zuwa. Aka ɗaga. Da shekarar ta zagayo ban ko rubuta ba. Abokin da muka nema tare ya je ya gama, yanzu shi ke zuwa duba mu a aji, ya zauna a baya da takardarsa. Mutumin kirki ne, kullum sai ya tambayi jikin Baba.

Abin da ban faɗa wa yayana ba, sai matata kaɗai, shi ne tun bara waƙoƙin suka ƙare. Baba bai sani ba. Yakan ce, "Yau sabuwa za mu kama," sai ya rero wadda muka rubuta tuntuni. Ran farko na ce masa, "Baba, wagga mun yi ta." Ya ce, "Mun yi ta?" Yadda ya faɗi maganar ya sa ban ƙara gaya masa ba. Yanzu rubutawa nake. Akwai waƙar da ke cikin gafaka sau uku, ko wace da 'yar kalmar da ta bambanta. Na taɓa gwada tafiyar da busasshen alƙalami bisa takarda don ya ji ƙara kawai. Ya ce, "Ba ta sauka. Ƙara tawada." Kunnensa bai tsufa ba.

Matata ta ce min wata rana tana ninke wanki, "Kai fa ba ka fita ko'ina. Ɗiyarka ta fara tambaya ko ɗakin Baba ne wurin aikinka." Ba da faɗa ta faɗa ba. Na ce mata lada muke nema. Ta ce ta sani.

Kwanakin baya na je sayen tawada, dattijon nan ya juya hannu. Ya ce mai kawo masa daga Legas ya daina, ba masu saye, ni kaɗai ne nake tambayarta sai wani alƙali da ya yi ritaya. Ya ba ni haƙuri sosai. Na fito daga lungun na tsaya bakin titi, na ji jikina ya yi sakayau kamar an sauke min buhu. Ban hau mota nan da nan ba. Na zauna wurin mai shayi, na sha a hankali, na kalli mutane. Har na fara lissafin yadda zan gaya wa Baba: tawada ta ƙare a kasuwa, ba laifin kowa. Abin da ya rage a kwalba zai kai mu ƙarshen wata.

Ban kai ga gaya masa ba. Ina cikin aji a Shagari waya ta yi ƙara. Dattijon ne, muryarsa cike da murna.

"Malam, Allah ya yi! Na sa an bincika min har Kano. An samu kwali guda wurin wani da ya rufe shago. Na ce kada a sayar ma kowa, naka ne duka. Ka ga ka huta da nema, wagga sai ta shekara da shekaru."

Na yi masa godiya, na yi masa addu'a, don ya wahala saboda ni. Ya ba wani direba da ke bin hanyarmu kwalin, na tsaya bakin titi a Bodinga na karɓa. Kwalin ya fi yadda na zata nauyi. Direban ya leƙo ya ce, "Magani ne? Tsohon ya ce in bi da shi sannu." Na ce masa tawada ce. Ya dube ni, ya ja motarsa.

Na ɗaure kwalin a bayan babur na shiga gari a hankali saboda ramuka. Na tarar an idar da La'asar, an shimfiɗa wa Baba buzunsa a inuwa. Ya ji tsayuwar babur ya juyo da fuska.

"Kai ne? Ka makara yau."

"Na tsaya karɓar saƙo ne, Baba."

"To zauna. Akwai wata da ban taɓa gaya maka ba."

Na shigar da kwalin ɗaki, na tura shi ƙarƙashin gado, na wanke hannu na zo na zauna.