Shelar da Ta Sa Aka Ajiye Lauje

Shu'ibu mai shela bai taɓa yi wa garinmu ƙarya ba. Wannan na fara faɗi, don mutane sun iya mantuwa. Ni Habila ne, malamin firamare. Daga kudancin Kaduna aka turo ni wannan ƙauye na gefen Kirikasamma ina saurayi, ga shi har furfura ta same ni a nan, katangata ɗaya da gidan Shu'ibu.

Shela gadonsa ce. Ubansa da ganga yake yi, shi kuwa ya sayi lasifikar hannu mai batir a kasuwar Hadejia. Akuya ta ɓata, shi ne. Za a yi wa shanu rigakafi, shi ne. Ba ya ƙara gishiri, ba ya ragewa. In Shu'ibu ya ce gobe, to ka wanke rigarka yau. Dukiyarsa ke nan a duniya, sai ƴar gonar shinkafa a bakin mashigar ruwa, sai matarsa Uwa, wadda ta ce ita lasifika ta aura, miji kyauta aka ɗora mata.

Sai rediyo ta shiga rayuwarsa. Ya kamu da son shirin da ake kawo rahoton zaman majalisar dokokin jiha, kamar yadda wasu ke kamuwa da goro. Da la'asar zai zagaya gari yana sanar da mu cewa an kafa kwamiti, ko an tafi hutu, ko an dawo daga hutu. Ba wanda ya aike shi. Mu ma dai muka saba.

Wanda bai san yankinmu ba, bari in gaya masa kachala. Ciyawa ce doguwa da ke fitowa cikin ruwa, ta fi mutum tsawo, ta toshe hanyar kogi ta zauna abinta. Tsuntsaye jan-baki su yi gida a ciki, su ci shinkafarka ka gode musu. In mashigar ruwa ta toshe, damina na yi ruwan ya rasa hanya, sai ya bi ta gonaki. Don haka kowace bazara, lokacin da ruwa ya ja baya, gari kan yi gayya. Maza su shiga da lauje da adda, matsattsaku na shan jininsu, mata su dama kunu a bakin gaɓa. Aikin ba daɗi. Shu'ibu ne ke shelarsa, kuma ba a taɓa ƙin fitowa ba.

A bazarar da nake ba ku labari, ana saura kaɗan a yi gayya, sai ga Safiyanu a kan babur. Safiyanu shi ne mai kawo wa mazaɓa saƙon ɗan majalisarmu, yaron kirki ne, sai dai ba ya kashe babur in yana magana. Ya ce Onarabul ya gabatar da ƙudurin a kawo injin yashe kachala, kuma majalisa ta amince baki ɗaya. Da yamma rediyo ta maimaita. Shu'ibu ya sa sabon batir.

Na tare shi a ƙofar gida na ce, "Malam Shu'ibu, a bi a hankali. Ƙuduri kira ne kawai. Sai ya je kwamiti, sai an sa shi a kasafin kuɗi, sai an ba da aiki."

Ya ce, "Malam Habila, sun amince ko ba su amince ba?"

Na ce sun amince.

"To me zan faɗa, in ce ba su amince ba?"

Gaskiyarsa, a garinmu in dattawa sun zauna gindin tsamiya sun ce sun amince, washegari ake fara aiki. Ba mu san wata amincewa mai zuwa hutu ba. Shu'ibu ya zagaya gari yana cewa majalisa ta amince, inji na nan tafe. Daidai abin da aka gaya masa ya faɗa, ko wasali bai ƙara ba. Jama'a suka ƙarasa sauran da kansu. Wa zai ba matsattsaku jininsa alhali gwamnati ta ɗauki nauyi? Aka rataye lauje. Har wani ya share fili inda injin zai kwana.

Inji bai zo ba, ruwa ya zo. Shi ba ya bi ta kwamiti. Ya iske mashiga a toshe, ya juya ya kwanta a kan shinkafar gari. Gonar Shu'ibu ce farkon tafiya, amma wa ya tuna da wannan?

Haba, mutanen garin nan! Su da suka rataye laujensu da hannunsu, su ne suka sa masa suna Onarabul. In ya wuce a ce, "Onarabul, ina inji?" Ya yi shelar rigakafin shanu, ba saniya ko ɗaya da aka fito da ita, sai da aka aika a tambayo liman. Ya yi cigiyar tunkiyar wata Asabe, aka ce a kai maganar kwamiti. Wallahi abin ya ƙona mini rai, na yi faɗa a teburin mai shayi har aka ce in koma garinmu, ni da na koyar da rabinsu karatu.

Uwa ce ta gaya wa matata cewa Shu'ibu ya cire batir ɗin lasifikar ya sa a tocila, kuma tuwo ma sai ta yi da gaske yake ci. Asarar shinkafa ba ta dame shi kamar ya yi magana a ƙi motsawa ba.

Da bazara ta zagayo, lokacin gayya ya yi, ba a ji shela ba. Shu'ibu ya san in ya kira ba mai fitowa. Da hantsi ya ɗauki laujensa, ya rataya lasifikar a jikin wata giginya marar tsawo a bakin gaɓa, ya shiga ruwa shi kaɗai. Uwa ta zo ta ajiye ƙwaryar kunu ta mutum ɗaya, ta zauna inda duk mai wucewa zai gan ta. Na tuɓe takalmina na bi shi, duk da ban iya riƙe lauje ba. Kunya ta jawo sauran, ɗaya bayan ɗaya, kowa na yi kamar hanya ce ta biyo da shi.

Ana cikin aiki sai ga babur. Safiyanu ya ɗaga murya ya ce albishir, an sa kuɗin inji a kasafin bana, wannan karon magana ta tabbata. Hannaye suka tsaya. Na ga wani har ya fara duban gaɓa. Duk ido ya koma kan Shu'ibu.

Ya fito, ruwa na zuba daga wandonsa, matsattsaku biyu a ƙwaurinsa. Ya sauke lasifikar, ya tuna ba batir, ya mayar da ita. Sai ya kafa hannu a baki ya ɗaga murya.

"Jama'a! Majalisa na gaishe ku. An sa inji a kasafi, yana nan tafe. Kada wanda ya ajiye laujensa!"

Ba wanda ya ajiye. Aka duƙa aka ci gaba da yanka. Shu'ibu ya tsaya yana kallonsu sun bi maganarsa, ya daɗe a tsaye, har Uwa ta ce, "Malam, kunun zai huce."

Ya ce ta ƙaro ƙwarya.